Tafiya Tambuwal: Abin da Zaure Ya Koya wa Ofis

Yau kam ki yafa mayafinki ki biyo ni, domin tafiya ce da mu. Za mu yi kudu da birnin Shehu mu sauka Tambuwal, daga nan mu leƙa ƙasar Kebbe, kuma abin da zai kai mu shi ne wata tambaya da za ki ɗauka ƙarama ce: a ina ya kamata shugaba ya ajiye kujerarsa? Kada ki ce ina ruwanki. In maigidanki yana karɓar baƙi, ke ce mai gyara masa falo da turaka. In kuma ke kanki Allah ya ɗora miki wani shugabanci, ko na makaranta ko na asibiti ko na ƙungiyar matan unguwa, to maganar taki ce kai tsaye.

Idan kin tashi daga Sakkwato, tafiyar kusan kilomita 100 ce a kan titin da ya nufi Jega. Za ki ratsa ƙasar Bodinga, inda Sifawa take, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Za ki wuce Shagari, mahaifar marigayi Alhaji Shehu Shagari wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, sannan Dogon Daji, sai ga ki a Tambuwal. Gari ne mai tsohon tarihi, domin kuwa Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma marubucin waƙoƙin Larabci, shi ne ya zauna a nan ya mai da wurin ribaɗi mai tsaron iyakar daula ta fuskar Kabi. A zamaninmu kuma garin ya fitar da Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya yi kakakin majalisar wakilai daga 2011 zuwa 2015, ya kuma yi gwamnan jihar Sakkwato daga 2015 zuwa 2023. Kin ga ashe gari ne da ya daɗe da sanin zaman shugabanni.

Ƙanwata ce take aure a can. Malamar makaranta ce, an daɗe ana damawa da ita, sai ga shi an ɗaga ta an ba ta shugabancin wata makarantar 'yan mata. Na je yi mata murna, amma na tarar da ita babu walwala. Da muka keɓe sai ta ce, "Yaya, ni fa tun da na shiga ofishin nan na rasa gane kansa. Malaman da muke cin abinci kwano ɗaya yanzu daga bakin ƙofa suke tsayawa su yi magana su juya." Abin da ya fi ci mata rai shi ne wata uwa da ta zo daga ƙauye da 'yarta. Ta tsaya a ƙofa, ta durƙusa ta gaishe ta, ta dubi ofis sama da ƙasa, ta ce ai gaisuwa ce kawai ta kawo ta, ta tafi. Bayan mako guda aka daina ganin yarinyar a aji.

Washegari ta kai ni ofishin. 'Yar uwa, ba laifi, an kashe kuɗi. Ga wani ƙaton teburi ya tare kusan rabin ɗakin, ga kujera mai juyi doguwa kamar karagar mulki, kujerun baƙi biyu kuwa gajeru a gabanta, in kin zauna sai haɓarki ta kusa taɓa teburin. A bango an kafa babban madubi. A kusurwa akwai wata 'yar kwatarniyar roba mai feso ruwa da lantarki, ta bushe ƙayau don babu wuta, sai ƙura. Na ce, "Wa ya tsara miki wannan?" Ta yi dariya cikin kunya ta ciro waya ta nuna mini bidiyon da ta bi. Wai tsarin mutanen Sin ne na gyaran ofishin shugaba, ana ce masa fen shuwi.

Bari in ɗan yi miki bayaninsa, don na san wataƙila ke ma kin ci karo da shi a waya. A harshensu kalmomin biyu suna nufin iska da ruwa. Tsohuwar al'ada ce ta zaɓen wurin gina gida da kabari da fada, ta la'akari da tudu da kogi da mahaɗar iska. Masu yin ta suna da wani faifai mai allurar nuna arewa da suke auna fuskar gini da shi, kuma suna kasa abubuwa gida 5: itace, wuta, ƙasa, ƙarfe da ruwa. Game da ofishin shugaba, abin da suka fi nanatawa shi ne ya zauna inda zai ga ƙofa ba tare da ya yi saitin ta ba, bayansa ya jingina da bango mai ƙarfi, kada ya ba ƙofa ko taga baya, kada tarkace ya taru a teburinsa, a sa shuka mai rai da ruwa mai gudu. Kuma ba wasa suke yi da abin ba. Hedikwatar bankin HSBC da aka gama a Hong Kong a 1985 sai da aka nemi shawarar masana wannan al'ada a kanta, haka ma wurin wasan yara na Disneyland da aka buɗe a birnin a 2005 an karkata ƙofarsa saboda shawararsu.

To amma akwai wani ɓangare nasa da ya wuce gyaran ɗaki. Suna cewa madubi yana kore sharri, ruwa mai gudu yana jawo kuɗi, har akwai wani gunkin kwaɗo mai ƙafa uku da tsaba a baki da ake ajiyewa don arziki. Wannan kam camfi ne, kuma ke Musulma kin san arziki da ɗaukaka a hannun Allah suke, babu kwaɗo ko madubin da zai ƙara miki ko ƙwayar gero. Ƙanwata ta ce ita ma da ta zo kan maganar kwaɗon ta yi a'uziyya ta wuce, sauran ne ta ɗauka a matsayin ado. Na ce to madalla, amma adon ma ga shi ya kore miki mutane.

Amsar damuwarta ashe tana gidan surukanta. Tsohon gida ne na ƙasa a cikin gari, kuma surukinta dattijo ne da unguwa take kawo wa ƙara da sulhu. Kin san mace ba ta zama a zaure, ratsawa take yi da sauri kanta a sunkuye, balle surukar gida. Amma ranar Juma'a da maza suka tafi masallaci, sai Inna, uwar mijinta, ta ji muna maganar ofis, ta ce mu taso ta nuna mana wani abu. Ta kai mu zauren Malam.

Abu na farko da za ki ji in kin shiga shi ne sanyi. A ƙasar Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, amma cikin zauren nan sai ki ce an yayyafa ruwa. Dalili kuwa bangon tubali ne mai kauri, yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakin sa sai dare ya yi. Rufin azara ne da ƙasa, an ɗaga shi sama sosai, ga 'yan tagogi ƙanana can kusa da rufi inda iska mai zafi take fita, tun da ita kullum sama take yi. Ƙofar waje tana duban yamma. Na tambayi Inna dalili, ta ce, "Ɗiyata, hadari daga gabas shi ka tahowa. Wa ka buɗe ma ruwa ƙohwa?" Gaskiyarta. In kin lura da gidajen ƙasa, bangon gabas ne damina ta fi ci, shi ake fara yi wa yaɓe. Iskar hunturu da ƙurarta ita ma daga arewa maso gabas take busowa. Ranar yamma kuwa da za ta shigo ta ƙofar, an tare ta da wani dogonyaro da aka shuka a ƙofar gida, ga dakali a gindinsa.

A nan ne na tuna da abin da na karanta game da babbar fadar sarakunan Sin da ke Beijin, wadda aka gama a 1420. Ita kudu take duba, kuma an tara mata tudu a bayanta ta arewa, saboda a can muguwar iskar sanyi daga arewa take zuwa, rana kuma ta kudu take haskawa lokacin hunturu. Kin ga kowa da iskar garinsu ya yi shawara. Wanda ya kwaso tsarin Beijin ya kawo Tambuwal bai tambayi inda hadari yake tasowa ba, ya yi aron rigar da ba a auna da shi ba. Madubin ƙanwata ma abin da yake yi kenan, da la'asar yana kwaso hasken rana ta taga yana watsa wa baƙo a ido.

Inna ta nuna mana wata kusurwa da aka shimfiɗa buzu a kan tabarma, ga matashi jingine da bango. Ta ce, "Nan Malam ka zama." Na zauna a gefen wurin don in ga abin da yake gani. Bayansa bango ne. Yana ganin duk mai shigowa daga waje, amma ba ya saitin ƙofa, saboda haka mai wucewa a hanya ba ya ganin sa, kuma baƙo yana da 'yan taku na yin sallama da tuɓe takalmi da daidaita numfashi kafin su haɗa ido. Yana kuma ganin ƙofa ta biyu mai shiga cikin gida, wadda aka kauce da ita daga saitin ta farko don kada idon baƙo ya faɗa kan iyali. Ƙanwata ta dafa ni ta ce, "Yaya, ai wannan shi ne abin da ke cikin bidiyon nan." Inna ba ta san wani fen shuwi ba, kuma wanda ya gina zauren tun kafin a haifi Malam bai taɓa jin sunan Beijin ba. Hankali ne kawai: mutum ba ya samun natsuwa in ana shigo masa ta baya.

Sai dai akwai abubuwan da ke zauren waɗanda babu su a bidiyon. Tsakanin buzun Malam da tabarmar baƙi babu komai, fili ne. Shi a ƙasa, su a ƙasa, abin da ya fi su da shi kaurin buzu ne kawai. A bakin ƙofa ta ciki akwai randa a kan yashi mai laima, an rufe ta da faifai, ga moɗa a kai. Ruwanta sanyi ƙarara, don jikin randa yana tsatsar da ruwa kaɗan kaɗan, iska tana busar da shi tana tafiya da zafin. Inna ta ce duk wanda ya shigo da ƙara, komai zafin da ya ɗauko, Malam ba ya bari ya fara magana sai yaro ya miƙa masa ruwa ya sha. Ta ce sau da yawa kafin moɗa ta koma kan randa rabin faɗan ya mutu. Ga ruwa a ofis ke nan, uwargida, amma na shan baƙo.

Kwana biyu bayan haka muka raka Inna gaisuwar rasuwa wani ƙauye a ƙasar Kebbe. Kada ki haɗa ta da jihar Kebbi, wannan ƙaramar hukuma ce a cikin jihar Sakkwato, maƙwabciyar Tambuwal, can ƙarshen kudu inda jihar ta yi iyaka da Zamfara da Kebbi. Ƙasa ce ta noma da kiwo, ga gero da dawa, ga fadamu. In za ki je, ki fara tambayar mutanen gari halin da hanya take ciki, ki kuma yi tafiyarki da rana, domin matsalar tsaron da ta addabi yankin a shekarun nan ta taɓa wasu ƙauyukanta.

Gidan da muka sauka yana kusa da na mai garin. Da hantsi na hango shi a gindin wata tsohuwar bishiya a ƙofar gidansa, ya jingina da ita, jama'a sun kewaye shi. Da rana ta juya, sai na ga an ja tabarmi an bi inuwa. Wato ofishinsa ma tafiya yake yi da rana. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin gida yake. Mun shiga gaida uwargidansa, muka tarar da mata uku zaune a rumfarta, ɗaya tana share hawaye. Ashe mace in tana da kuka ba ta zuwa gindin bishiya gaban maza. Wurin uwargida take zuwa, a ba ta fura, ta faɗi abin da ke ranta, sannan uwargida ta aika a kira mai gari ya shigo ya tsaya daga bakin rumfa ya saurara. Maganar aure ce ko ta gado ko ta bashi, a nan take fita, kuma a nan take tsayawa.

A mota muna dawowa ƙanwata ta yi shiru, can sai ta ce, "Matar nan da ta zo da 'yarta, akwai malamai maza biyu zaune a ofishina lokacin, kuma ƙofa a buɗe take." Ban ce mata komai ba.

Ranar Asabar muka shiga ofishin mu biyu da masinja. Ba mu sayi komai ba sai tabarma da randa. Muka tura teburin ya koma kusurwa, inda bango yake bayanta kuma tana ganin ƙofa a kaikaice, sai ga fili ya buɗe a tsakiyar ɗaki. Kujerun baƙi muka ɗauke su daga gaban teburi muka jera a gefensa, aka samo masu tsayi daidai da tata. Madubi ya tafi ɗakin malamai mata inda ake bukatarsa, kwatarniyar lantarki kuma ta ba yara su yi wasa. Tagar yamma muka sa mata labule mai kauri, muka bar ta ɗaya gefen a buɗe don iska ta ratsa. Tulin fayil ɗin da ke kan teburi ya koma kabad. A bayan kabad ɗin kuma muka shimfiɗa tabarma inda mai leƙe daga ƙofa ba zai gani ba, muka girke randa kusa da ita.

Ta aika a kira matar. Na riga na dawo gida lokacin, a waya ta ba ni labari. Ta ce ta sallami kowa, ta tura ƙofa, ta sauko daga kujera ta zauna da ita a tabarma, ta miƙa mata ruwa. Sai da suka yi gaisuwa ta kai minti goma, an tambayi gida da gona da damina, sannan matar ta buɗe baki. Mijinta ne ya kwanta ciwo, babu kuɗin littattafai da kayan makaranta, kuma dangi sun fara maganar a aurar da yarinyar a huta. Abin da ta zo faɗa kenan tun farko, ta ga ba wurin faɗarsa. Ba zan ce miki tabarma ta warware komai ba, domin har yanzu ana kai da kawowa da dangin uban. Amma an samo mata littattafai daga asusun iyaye da malamai, kuma yarinyar ta koma aji.

To uwargida, ga abin da na ƙullo miki daga wannan tafiya. In za ki gyara wurin da maigida yake ganawa da mutane, ko naki ofishin, fara da tsayawa a bakin ƙofa kamar ke ce baƙuwar, ki duba abin da idonki zai fara gani da inda za ki zauna. Ki sa mazaunin mai wurin ya jingina da bango, yana ganin ƙofa ba tare da ya yi saitin ta ba. Ki lura da inda rana take faɗowa da la'asar da inda ruwan sama yake bugowa a gidanku, ki sa labule ko ki shuka itace a can. Kada kujerar baƙo ta fi ta mai gida gajarta har ya ji kamar an gurfanar da shi. Ki tabbata baƙon da ke falo ba ya hango tsakar gida, in ƙofofin sun yi saiti ki sa labule ko ki gitta kabad. Ki tanadi ruwan sha kusa. Sannan ki ware wani ɗan lungu, ko da na tabarma ɗaya ne, inda mai jin kunya ko mai sirri zai iya magana ba a ji ba, musamman 'yan uwanmu mata. In akwai hali, a bar wuri mai tsabta da dadduma ta fuskar alƙibla, don kada salla ta kama baƙo ya rasa inda zai yi.

Kuma in Allah ya kai ki Tambuwal, ko wani tsohon gari irinsa, kada ki tsaya kallon sababbin gidajen siminti na bakin titi kawai. Ki roƙi wata tsohuwa ta shiga da ke zauren gidansu lokacin da maza ba sa nan, ki zauna ki tambaye ta dalilin kowace ƙofa da kowace taga. Zaurukan nan suna ta rushewa, ana maye su da shaguna da gareji, masu sanin dalilansu kuma suna ta tafiya. Inna ta ce jikokinta sun fara yi wa Malam maganar a rushe nasa a yi falo mai tayil, shi kuwa ya ce su bari sai bayan ransa.

Allah ya ba shugabanninmu na gida da na waje ikon sauraron na ƙasa da su, ya sa albarka a gidajenmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ki gaida maigida da yara.